Sai Ɗan Wasa na Ƙarshe Ya Shiga Mota

Tun da na dawo daga Umara ban samu sakat ba. Duk ranar Lahadi in na je filin makarantar unguwarmu, inda mu tsofaffin 'yan ƙwallo muke taruwa muna jan ƙafa da sunan motsa jiki, tambayoyi biyu ne ke jirana. Ta farko, "Gola, yaya Makka?" Wannan ta ladabi ce, kowa ya san amsarta. Ta biyu ita ce ta gaskiya, kuma sai an rage murya ake yin ta: "Ka ga Kyaftin?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ji kai wancan ya ji wutsiya, don haka ga shi nan gaba ɗayansa. Wanda ya zo neman labarin daɗi ya yi haƙuri.

Saboda yaran yanzu da ba su san shi ba, Kyaftin shi ne Isiyaku, wanda 'yan kallo suka sa wa suna Katanga. Lamba biyar yake bugawa a ƙungiyar masaƙar da muka yi wa wasa a nan Kaduna kafin a rufe ta. Ni ina raga, shi yana gabana, kuma in yana gabana har hamma nake yi. An taɓa kiransa sansanin ƙungiyar ƙasa, ya yi mako uku aka sallamo shi ba dalili. Bayan nan gwiwarsa ta hagu ta tashi daga aiki. Ya zama mataimakin koci, ya zama koci, ya ɗauki wata ƙaramar ƙungiya da ko riguna iri ɗaya ba ta da su ya haura da ita babban rukuni. Kaka ta gaba aka ci su wasa uku a jere, a rediyo ya ji an kore shi. Ya gwada wata jihar, can ma haka. Daga ƙarshe ya ce ya gaji da shugabannin da ba su taɓa taka leda ba, ya tara yaransa na kansa yana horarwa.

A nan ne tsautsayi ya same shi. Wani dillalin 'yan wasa mai zaƙin baki ya ce akwai ƙungiyoyi a Saudiyya da ke neman matasa, a kawo su gwaji. Iyaye suka sayar da abin da suke da shi, Isiyaku ya kwashi yara goma sha shida da bizar Umara. Suna sauka Jidda dillalin ya ce bari ya je ya kawo mota. Har yau yana kawo ta. Biza ta ƙare, yara suka watse cikin gari neman abin da za su ci. Sama da shekara goma ke nan. A hankali muka riƙa ganin yaran suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, amma ban da shi. A gari aka ce sayar da su ya yi, kunya ta hana shi dawowa. Matarsa ta jira har ta gaji, alƙali ya raba auren.

Ɗana ne ya biya min kujerar Umara. Ana gobe zan tashi Inna, mahaifiyar Isiyaku, ta aiko a kira ni. Idonta ya tafi tuni, kuma ta daina tashi daga tabarma sai an kama ta. Ta lalubo hannuna, ta shafa karkatattun yatsun nan nawa, ta ce, "Garba ne. Hannun nan ba ya ɓuya." Sannan ta ce, "Ba na son dabino, ba na son zamzam. Ka zo min da Isiyaku. Ka ce masa na ji a jikina, ina so ya zo ya kama min makara ta gaba." Na ce to, Inna, in Allah ya yarda. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa min. Wannan alkawari shi ne kayan da ya fi nauyi cikin duk abin da na ɗauka.

Hanyar Kano ba ta da wani labari, sai direban da ya yi ta ba mu tarihin wasan da ni na buga shi yana kan kafaɗar babansa. Ya ce golan ranar nan rago ne. Na ce gaskiyarka. A filin jirgi muka wuni muna jira, jirgin safe ya zama na yamma. Da muka kusa miƙati aka sanar a ɗaura ihrami, sai ga dattawa a layin banɗaki kowa na riƙe da zanensa da hannu biyu kamar mai tsoron a fizge masa. Nawa ya kwance sau biyu kafin wani Bazamfare ya ji tausayina ya ara min bel.

A Jidda na fara ba da kunya. Akwai na'urar da ake ɗora yatsu ta ɗauki zanensu, ni kuwa yatsuna huɗu sun karye a bakin aiki, ba su kwanciya. Jami'in, yaro ne sa'an ɗana, ya danna ya danna, na'ura ta ƙi. Layi ya fara gunaguni a bayana. Ya ɗaga hannuna yana kallo, ya yi min alama wai me ya same shi. Ba ni da Larabci, don haka na buɗe hannu na yi kamar zan faɗa gefe in cafe ƙwallo, ihramina na neman tona min asiri. Ya fashe da dariya, ya ce, "Kabtin!" Ya kira abokinsa suka danne min yatsun su biyu har ta karɓa. A nan na fara sanin cewa a can duk wanda ya taɓa shurin ƙwallo kabtin ne. Mu a gida sai ka yi shekaru kana zubar da gumi kafin a ɗaura maka kambu.

Kafin a shiga Makka akwai inda hanya ta rabu, da babban allo da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai ratse. Ina ganinsa sai Baba Ailan ya faɗo min a rai. Bature ne da masaƙa ta ɗauko ya horar da mu kaka biyu. A ƙasarsu ta Ailan ya fara ƙwallo, ya tsallaka Ingila ya buga har ƙafarsa ta karye, sannan ya koma koci. In kana son ganin fushinsa ka kira shi Baturen Ingila, nan take kunnuwansa za su yi ja. Bai iya Hausa ba sai "sannu" da "maza-maza". Amma yana da wata ɗabi'a guda. In an tashi wasa, ko an ci ko an sha kashi, zai tsaya a ƙofar motarmu, duk wanda zai shiga ya ɗan mare shi a ƙeya. Shi ba ya sa ƙafa a ciki sai ɗan wasa na ƙarshe ya shiga.

Mun ɗauka al'adar Turawa ce kawai, sai ranar da muka je wasa wani gari da ba zan ambata ba, don har yau ina da surukai a can. Ana dab da tashi aka ba su fenariti, na kaɗe ta, kuma wannan kaɗewar ce ta jefa su rukunin ƙasa. Kafin alƙalin wasa ya cire usur daga baki duwatsu sun fara sauka. Kowa ya yi wajen mota, ni da nake can ƙarshen fili aka tare min hanya, na faɗa banɗakin ɗakin sauya kaya na kulle. Ina jin suna dukan ƙofar suna kiran a kawo fetur. Daga baya aka ba ni labari cewa direba ya tayar da mota, 'yan wasa na ihu a tafi, Baba Ailan yana tsaye a ƙofa jini na zuba daga goshinsa, ya ƙi shiga. Hannunsa bai taɓa ƙeyar gola ba. Isiyaku ne ya ɗora katakon benci a ka ya koma cikin mutanen nan ya jawo ni. Duk wannan ya dawo min a cikin motar alhazai, mutane na talbiyya ni ina tunanin wani Bature da ko ƙofar garin ba za a bar shi ya wuce ba.

Ba zan yi muku dogon bayanin Ɗakin Allah ba, gani ya kori ji. Na gan shi na yi kuka kamar yaro, ban ji kunya ba. Gwiwoyina sun kai ni ɗawafi da ƙyar, a Safa da Marwa sai da na zauna sau da yawa. Da na fito takalmina ya yi nasa wuri, na taka dutsen tsakar rana da tafin ƙafa har bakin wani shago. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sallar gawa. Kusan bayan kowace salla sai a sanar, a yi kabbara huɗu, a wuce da mamatan da sauri. Ba a faɗin suna, ba ka san ko waye ba. Mu a gida in mutum ya mutu unguwa ce ke tsayawa, a san wa ya yi wanka, wa ya kama gaba, wa ya shiga rami. Duk sanda aka yi sanarwar nan sai Inna ta faɗo min.

Masaukinmu a Aziziyya yake, mu shida a ɗaki ɗaya. Yaƙi ɗaya muka yi ta yi har muka rabu, na na'urar sanyaya ɗaki. Wani Alhaji ɗan kasuwa yana so ɗakin ya zama firji, wani malamin makaranta mai ciwon ƙirji yana binta yana kashewa. Abinci kuwa shinkafa da kaza, rana da dare, har na fara ganin kaji a mafarki. Da safe akwai wani faffaɗan burodi mai zafi da suke ci da dafaffen wake, shi ne ya riƙe ni. Magen garin ma ta fi ta gida ƙiba, kuma ba ta gudun mutum.

Lambar da ɗaya daga cikin yaran da suka dawo ya ba ni ta wani direba ce mai suna Bakur. Shi haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo Hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ya zo ya ɗauke ni da ƙaramar bas ɗinsa. Maganarsa rabi Hausa ce rabi Larabci.

"Ahlan ya ammi, sannu da zuwa," in ji shi. "Kai ne sahibin Kabtin Ishak? Wallahi mutum ne ɗayyib, amma kansa dutse. Yalla, sai ka ci abinci tukuna, uwata ta ce haram baƙo ya wuce."

Gidansu a Tandabawi yake, tsohuwar unguwa ce kusa da Harami, lunguna ƙanana masu hawa da gangara. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ajiye tuwo da miyar kuka kusa da tiren shinkafarsu ta Larabawa. Har tsire aka kawo, wai su siriya suke ce masa. Mahaifiyarsa, daga bayan labule, ta yi ta tambayata Katsina, garin da ba ta taɓa gani ba, ko har yanzu ganuwa na nan. Jikokinta kuwa ba su san komai a Hausa ba sai sunan abinci da zagi. Na ci na ƙoshi, amma hankalina na wani wuri.

Bayan La'asar Bakur ya kai ni bayan unguwar, inda aka rushe wasu gidaje aka bar fili duk ɓaraguzai. Tun kafin in ga kowa na ji usur, gajeru uku a jere, irin busar Baba Ailan. Yara ne wajen talatin, wasu da takalmi wasu babu, an jera bulo an yi raga. A tsakiyarsu wani dattijo ne ramamme, gemu fari fat, yana jan ƙafar hagu. Da ba don tsayuwarsa ba, hannu ɗaya a ƙugu, da na rantse ba shi ba ne. Ya juyo ya daɗe yana kallona.

"Gola," ya ce. "Wannan tumbin fa? Yanzu ko akuya ce ta buga maka fenariti sai ta ci."

Muka rungume juna, na ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna.

Na zauna a kan bulo na kalli atisayen. Yaran jikokin Hausawa ne da na mutanen Cadi da Sudan. Bakur ya ce da yawansu ba su da igama, wato takardar izinin zama, don haka komai iyawarsu ba ƙungiyar da za ta yi musu rajista. Akwai wani siriri a cikinsu da ƙwallo ke bin ƙafarsa kamar an ɗaura mata zare, na tambaya ina zai kai, Bakur ya ɗaga kafaɗa. Duk da haka Isiyaku yana yi musu tsawa a kan tsayuwa da miƙa ƙwallo kamar gobe za su buga wasan ƙarshe na kofi. Can wata motar askar, wato 'yan sandansu, ta gifta ta ƙasan hanya. Kafin ka ce kwabo fili ya zama wayam. Isiyaku ne na ƙarshe da ya ja ƙafarsa ya laɓe bayan wani rusasshen bango, bayan ya tabbatar ba yaron da ya rage.

Ɗakinsa yana can saman dutse, ba shi da girman shagon mai shayi. Katifa, buta, ragar ƙwallaye, shi ke nan. Da asuba yana sauke kaya a kasuwar kayan miya, da wannan gwiwar. Ya dafa min shayi, na isar da saƙon Inna kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana juya kofi.

"Saura ɗaya, Gola," ya ce.

Ya ba ni labarin yadda ya bi yaran nan da ya kawo. Wani a Jidda ya same shi yana wankin mota, wani a Arfa yana shara lokacin Hajji, wani sai da ya yi shekara uku yana nema. Kowanne ya lallashe shi, ya raka shi ya miƙa kansa aka mayar da shi gida. Saura Nura, lamba sha ɗayansa, wanda ya fi su duka iyawa. Shi ba ɓata ya yi ba, yana nan cikin Makka. Ƙin tafiya ya yi.

Raina ya ɓaci, kun san ni ba na ɓoye magana. Na ce, "Ƙato ne fa yanzu, ba yaro ba! Mutum ya ce ba zai tafi ba, kai kuma ka zauna kana gadinsa? Ka rasa mata, ka rasa suna, yanzu uwarka za ka rasa. Wannan ba amana ba ce, Kyaftin, taurin kai ne ka sa masa rawani."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ubansa da hannunsa ya damƙa min shi a tasha. Ya ce Koci, ga shi nan, kai ne ubansa." Ya kurɓi shayi, sannan ya kalle ni. "Ranar nan da a ce direba ya ja mota, wa za a bari a banɗaki?"

Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, har Baba Ailan sai da na ji haushinsa a ranar.

Tunda haka ne, na ce bari in je wa Nura da kaina. Washegari Bakur ya nuna min shi a wata hanya da ke gangarawa Harami. Keken guragu yake turawa, yana ɗaukar tsofaffin alhazai a ɓoye, don ba shi da izinin aikin. Ina kallo wani askar ya nufo wajen, Nura ya juya keken ya ratsa cikin taro, ya kauce wa wannan ya goce wa wancan, ko rigar mutum ɗaya bai taɓa ba. Gudun nan da Allah ya ba shi yana nan, ga inda yake ƙarewa. Da ƙura ta lafa muka zauna a bayan wani shago. Ya kai shekara talatin, har sanƙo ya fara.

"Baba, ni na ɗaure Koci?" ya ce. "Wallahi na roƙe shi ya tafi ya fi a ƙirga. Kullum na gan shi sai in ji kamar an ɗora min dutse. Ya tafi mana, halas, shi ke nan!"

Na ce, "Ka san ba zai tafi ba. To kai me ya riƙe ka?"

Ya ciro waya ya nuna min hotonsa sanye da rigar ƙwallo mai kyau, a bakin wani fili mai ciyawa. A kasuwa ya sayi rigar, filin kuma ta waje ya tsaya. Irin hotunan da yake tura wa gida ke nan. Gonar gado ubansa ya sayar don tafiyar, kuma har ya rasu yana gaya wa mutane ɗansa na buga ƙwallo a ƙasar Larabawa. Uwarsa da ƙannensa har yau haka suka sani.

"In sauka da me, Baba? Da leda a hannu, an aske min kai a gidan tarhil na korarru? Yaran ƙauyenmu sunana suke rubutawa a bayan riga."

Ban yi masa wa'azi ba, ban iya ba. Na dai ba shi labarin Inna, yadda take lalubar hannun duk wanda ya shigo ko Allah zai sa na ɗanta ne. Na ce uwarka za ta fi son ganinka da leda a kan ta mutu tana kallon hoto. Na ce mutumin nan ya ba ka shekara goma na ransa, kai ba shi kwana ɗaya. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya ce, "To Baba. Saboda Inna. Ranar da za ka tafi mu tafi."

Aka shirya komai. Bakur zai kwashe mu mu uku zuwa Jidda, ya ajiye ni filin jirgi, su kuma ya kai su ofishin jakadancinmu a yi musu takardar tafiya, daga nan su miƙa kansu. Za a tsare su na ɗan lokaci a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, sannan a sa su jirgi, kuma ba su ƙara dawowa. Duk sun san haka. Kwanakin da suka rage su ne kaɗai masu daɗi a tafiyar. Isiyaku ya yi aski, ya sayi turare da farin mayafi na Inna. Ya damƙa wa Bakur usur da ragar ƙwallaye, ya yi ta koya masa yadda ake tsayar da 'yan baya, shi kuwa yana ta cewa "ɗayyib, Kabtin" ba tare da ya gane komai ba. Har tambayata Isiyaku ya yi ko mai ƙosan bakin layinsu tana nan. Na yi ɗawafin bankwana da zuciya fara, ina ganin na cika alkawari.

Ranar tafiya bayan sallar Asuba muka haɗu a gindin unguwa, inda Bakur ya ajiye bas. Isiyaku ya sa jakarsa a baya, ya zo ya tsaya a ƙofa, hannu ɗaya a kan murfin. Na ce ya shiga ya zauna ya huta da ƙafar, ya yi kamar bai ji ba. Gari ya waye sarai, masu shaguna suka fara ɗaga ƙofofi. Muka kira wayar Nura, a kashe. Rana ta fito ta fara cizo. Bakur ya duba agogo ya ce, "Ya ammi, ɗayyara ba ta jiran kowa." Jirgina yake nufi.

Sai ga Nura can tsallaken titi. Ya sa farar jallabiya sabuwa, ya ɗora jakarsa a kan keken guragun yana turowa. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Ya zo har bakin kwalta ya tsaya. Motoci suka wuce, hanya ta buɗe, bai tsallako ba. Ta sake buɗewa, yana nan tsaye yana kallonmu. Na ɗaga hannu ina kiransa, "Nura! Taho mana!" Sai yaron nan ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗan sunkuya, ya juya keken ya shige lungu da gudu. Ko da ina da gwiwoyin da, ban isa in kamo shi ba.

Isiyaku ya zagaya baya ya sauke jakarsa. Na riƙe masa riga. Na roƙe shi don Allah don Annabi, na zage shi, na ce ka ga dai da idonka, ka yi iya yinka, ko Baba Ailan ne da ya shiga. Na ce me zan gaya wa Inna? Hawaye na zuba a gemunsa, amma ya zare ƙullin turaren da mayafin ya sa min a hannu.

"Ya zo har bakin titi, Gola," ya ce. "Bai taɓa zuwa nan ba."

Ya ja ni zuwa ƙofa kamar yadda ya jawo ni daga banɗakin nan. Na ji tafin hannunsa a ƙeyata, ɗan mari mara zafi.

"Shiga, Gola."

Ya rufe ƙofar ta waje. Har muka sha kwana ina hango shi ta madubi, jaka a ƙasa, hannu ɗaya a ƙugu. Usur ɗin yana rataye a madubin gaba yana lilo, sai da muka isa Jidda Bakur ya ce zai mayar wa Isiyaku da shi kafin La'asar.

Da na sauka ban fara zuwa gidana ba, wajen Inna na wuce. Na yi sallama na shiga. Ta karkata kai tana saurare, ta daɗe, har bayan na zauna.

"Takun mutum ɗaya na ji," ta ce.

Na ce, "Eh, Inna."

"Saura nawa?"

Ashe duk shekarun nan tana biye. Na ce, "Saura ɗaya."

Ta karɓi mayafin ta shinshina, ta ɗora a cinya tana shafawa. Ta ce, "Shi ma yaron yana da uwa ko?" Na ce yana da ita. Ta gyaɗa kai. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Sauran kun sani, da ku aka yi. Ba ta cika wata biyu ba. Da farin mayafin aka rufe makarar, ni na kama gaba da waɗannan yatsun. Da muka dawo daga maƙabarta na kira Bakur, ya hau dutsen ya kai wa Isiyaku wayar. Na gaya masa. Ya yi salati.

"Wa ya kama gaba?" ya ce.

Na ce, "Ni."

"Ka riƙe da kyau dai ko? Na san hannunka."

Na ce na riƙe, Kyaftin, ban saki ba. A bayansa ina jin hayaniyar yara da ƙarar ƙwallo tana dukan bango. Na ce to yanzu fa, sai yaushe?

Ya ce, "Nura ya ce bayan azumi."